Kada a janye kwano daga gaban mara lafiya

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi a garin Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, a gaban mata da magidanta da suka zo daga ƙauyukan Kabo da Gwarzo. Mun kawo shi nan domin ƙungiyoyinmu su karanta tare, su kuma tattauna a kai.

 Na san wasu sun baro gona, wasu sun baro tukunya a kan murhu, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. An ce in yi magana a kan abincin mara lafiya. Zan fara da kuskuren da ni kaina na yi, tun kafin in shiga wannan aiki.

Ɗana na fari yana da wata 10 lokacin da gudawa ta kama shi. Cikin marka ne, ruwa ba dare ba rana. Kowa a gidan ya ce mini haƙori ne, in kwantar da hankalina. Na lura duk lokacin da na ba shi kunu, ba a jimawa sai ya zubar. Sai na ce a raina, ai kunun ne ke ƙara masa. Na daina ba shi. Nono ma na rage. Ruwa da jiƙo kawai nake ɗura masa. Bayan kwana biyar gudawar ta tsaya, na yi murna, na ɗauka dabarata ce ta yi aiki.

Amma yaron bai koma yadda yake ba. Bayan mako biyu zazzaɓi ya kama shi. Yana tashi daga wannan sai tari. Kafin a yanke gero ya daina rarrafe, ya daina dariya, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Da na ga ƙafafunsa da kumatunsa sun ciko, har na ce wa maigidana yaro ya fara ƙiba. Wata dattijuwar nas ce a asibiti ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, ta ɗaga, sai ga rami ya zauna. Ta dube ni ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ba ta tambaye ni wane magani na ba shi ba. Ta tambaye ni me yake ci. Na rasa amsa.

Yaron ya rayu, yau shi ma magidanci ne. Amma na san 'ya'yan wasu da ba su tashi ba, kuma ku ma kun sani.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne wannan. Jikin da ke fama da cuta ya fi jikin mai lafiya bukatar abinci. Zazzaɓi yana ƙone abin da jiki ya tara, kamar yadda iska ke sa itace ya ci da sauri a murhu. Gudawa tana fitar da ruwa da gishirin jiki. A daidai wannan lokaci kuma baki yake ƙin abinci. Idan muka janye kwano, jiki sai ya koma cin naman kansa. Yaron da ya rame ba shi da ƙarfin tare cuta ta gaba, ita kuma cuta ta gaba sai ta ƙara ramar da shi. Haka abin yake juyawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ba dukan waɗannan yara ne suka fito daga gidan da babu hatsi ba. Da yawa daga cikinsu cuta ce ta riƙa cin su kaɗan-kaɗan, ba a mayar musu da abin da suka rasa ba.

To, idan gudawa ta kama yaro, me za a yi? Da farko a bar cewa haƙori ne. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, shi ya sa abubuwan biyu suke haɗuwa. A ci gaba da ba shi nono, a ma ƙara. A ba shi ruwan gishiri da suga. Na leda da ake samu a asibiti da kemis ya fi, a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jiki. Idan babu shi, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da cewa a haɗa da ƙwayar zink, ɗaya a rana, kwana 10 zuwa 14, rabi ga jaririn da bai kai wata shida ba. A ƙarasa kwanakin ko da gudawar ta tsaya.

Sannan a ba shi abinci. Gaskiya ne zai zubar da wani, amma mafi yawa yana zama a jiki, kuma hanjin da ake ba abinci ya fi saurin warkewa. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana. A zaunar da shi a cinya, a lallashe shi. Ina roƙonku a bar ɗure, a bar toshe wa yaro hanci, domin kunu yana iya bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Idan ya warke, a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu. Wannan ƙarin shi ne muka fi mantawa da shi, kuma shi ne yake mayar da naman da ya zube. Amma idan akwai jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko yana amai da duk abin da aka ba shi, wannan ya wuce gida. A tafi asibiti a ranar.

Ƙyanda ma haka take. Na sha ji ana cewa mai ƙyanda ba ya cin nama, ba ya cin mai, ba ya cin ƙwai. Ƙyanda tana cinye bitamin A na jiki, shi ya sa take makantar da yara. A asibiti ana ba da ƙwayar bitamin A a ranar da aka gane cutar, a sake bayarwa washegari. A gida kuma a bi da abin da ke ɗauke da shi: manja, kabewa, gwanda, mangwaro, karas, hanta, da ganye mai duhun kore. Maganar cewa yaron da ke cin ƙwai zai zama ɓarawo, ni dai na ga ɓarayi da yawa da ba su taso da cin ƙwai ba.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan kunu, domin a nan ne matsalar take. Ku dubi tafin hannun yaro ɗan shekara ɗaya a dunƙule. Cikinsa bai fi haka da yawa ba. Kofi guda ya cika shi. Idan kunun tsararo ne, mun cika masa ciki da ruwa, ya yi gyatsa, mu ce ya ƙoshi. Kunun yaro ya kamata ya yi kaurin da zai zauna a cokali, ba ya zuba da sauri idan an karkata. Kuma gero kaɗai bai isa ba. Ga haɗin da ake koyarwa a wurare da yawa a Arewa, wanda wasu ke kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. Ko da gwangwanin madara aka auna, lissafin ɗaya ne. A jiƙa waken suya, a cire ɓawon, a shanya, a soya shi sosai har ya yi ƙamshi, domin ɗanyensa ba ya narkewa a ciki. A soya gyaɗa da hatsin, a haɗa a kai inji. Gyaɗar a tsince ta da kyau. Duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Idan an dama, a sa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja. Wanda ya samu, ya ƙara garin busasshen kifi ko garin zogale.

Wata za ta ce yaron da ba shi da lafiya ba ya iya haɗiye kunu mai kauri. Haka ne. Masu kunun zaƙi sun riga mu sanin maganin wannan. Ɗan garin tsiron dawa ko na gero, idan aka barbaɗa a kunu mai kauri yana da ɗumi, sai ya tsinke shi ba tare da an ƙara ruwa ba. A mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a bayar. Ƙarfin yana nan, ga shi kuma yana shiga.

Duk abin da na lissafa, wanne ne ba a samu a kasuwanninmu? Gero da dawa da gyaɗa da wake namu ne. Awara ga ta a kowace unguwa. Da damina zogale da rama da tafasa da lalo da alayyahu suna ko'ina, kuma kwaɗon da aka yi da ƙuli-ƙuli abinci ne na sosai, ba abin raini ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke sayar da waken suya da ƙwan zabi, mu sayo wa mara lafiya lemon kwalba da biskit. Lemon kwalba ruwa ne da suga. Ga mai gudawa ma ƙara masa yake yi.

Akwai matakin da kunun gida ba zai iya ba. Idan an auna damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da ma'aunin nan mai launi uku, ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura irin na ɗana, wannan tamowa ce mai tsanani. Maganinta shi ne abincin leda na gyaɗa da madara da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa. Wani likita ɗan Faransa, André Briend, shi da wani mai masana'antar abinci suka haɗa shi a 1996. A nan kusa da mu aka ga ƙarfinsa. A yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani, mafi yawansu a yankin Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida suka warke a hannun iyayensu mata, ba a kwantar da su ba. A Nijeriya an fara irin wannan tsari a 2009. Ina faɗin wannan tarihi ne domin ku san ledar nan magani ce. An auna ta daidai nauyin yaro. Idan aka raba da yayyensa, ko maigida ya shafa a burodi, ko aka kai kasuwa, to an raba maganin yaro ne.

Bari mu koma kan manya. Mai tarin fuka, wanda muke kira tarin tibi, duk mun san kamanninsa: rama, zufar dare, tari fiye da mako biyu. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wata shida ake sha ba fashi. Amma sau da yawa za ka ga mutum ya fara magani, yunwa ta taso masa, gida babu abin da za a ba shi, sai ya ce maganin ya fi ƙarfinsa, ya ajiye. A jihar Jharkhand ta ƙasar Indiya an yi wani babban bincike da aka wallafa a 2023. An bi masu tarin tibi 2,800 da mutanen gidajensu fiye da 10,000. Kowane mara lafiya ana ba shi kayan abinci duk wata tare da magani. Waɗanda suka ƙara nauyi sosai a wata biyun farko, mutuwa ta ragu ƙwarai a cikinsu. A gidajen da aka ba sauran iyali shinkafa da wake da ƙwayar bitamin, masu kamuwa da cutar sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Shinkafa da wake fa, ba wani abin mamaki ba. Saboda haka idan akwai mai tarin tibi a gidanku, kwanonsa shi ne na farko, kuma a sa masa wake ko gyaɗa ko nono ko ƙwai kowace rana. Idan gidan ba su da hali, a nan ne ƙungiyarku za ta nuna amfaninta. Tiya ɗaya ta wake daga gida goma tana riƙe mutum ya ƙarasa maganinsa.

Sai maijego. A nan zan taka a hankali, domin iyayena mata suna kallona. Al'adarmu ta kula da maijego tana da kyau: a huta kwana arba'in, a ci kauri, a sha romo. Ina ma a ce rabin wannan kulawa ana fara ta tun ciki yana wata uku. Amma akwai ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kansa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun sake bin maganar. Sun samu cewa a Kano abin yana kai kusan mace ɗaya cikin haihuwa ɗari. Binciken nasu bai ɗora laifin a kan kanwa ba. Ya fi nuna matan da suka rame, da marasa hali, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki, kuma a wani binciken sun ga yawancin masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, mai suna seleniyam. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, macen da ta shiga ciki da rama tana cikin haɗari. Ita kuma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Wadda jininta ya hau, ko ƙafafunta suka kumbura, a ɗauke mata ita. Idan maijego tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, tana tari da dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta. A kai ta babban asibitin Gwarzo ko Kano.

Masu hawan jini da ciwon suga, naku sai mun sa rana ta musamman. Yau abu biyu kawai zan faɗa. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da citta suna ba miya daɗi. Mai suga kuma ba a ce ya daina tuwo ba. A rage malmala, a ƙara miyar ganye da wake, a bar suga a shayi da fura, kuma kada ya sha magani ya zauna da yunwa. Abu na biyu ya fi muhimmanci. Abinci yana taimakon magani, ba ya maye gurbinsa. Masu lasifika a kasuwa za su ce muku garin kaza yana warkar da suga cikin mako guda. Na ga wanda ya ajiye ƙwayarsa ya koma jiƙo, aka dawo da shi da shanyewar ɓarin jiki. Zogale miya ce mai kyau. A ci shi, a kuma sha maganin da likita ya rubuta.

Iyayena maza, ban manta da ku ba. Duk abin da na faɗa, mace za ta ji, amma makullin rumbu yana hannunku. Na san tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, ba sai an gaya mini ba. Amma ku duba lokacin da yara suka fi kwanciya: Yuli, Agusta, Satumba. Sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace, rumbu ya yi ƙasa, uwa tana fama da aiki. Shirin wannan lokaci da kaka ake yin sa. Kafin a ɗora buhu a mota, a ware tiya kaɗan ta waken suya da gyaɗa da wake, a ce wannan ta yara ce da marasa lafiya, ba a taɓa ta. Mata kuma su shanya ganye a inuwa, ba a rana ba, su adana. Masu lambu a bakin madatsun ruwa irin su Guzu-Guzu da Magaga, a riƙa shigo da kaɗan gida kafin dillali ya kwashe. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina sun zo, a buɗe musu ƙofa. Kuma tsiren da ake shigowa da shi da dare bayan yara sun yi barci, a riƙa rage musu tsinke ɗaya.

Wani abu ƙarami da ke hannun kowa: yaro ƙarami, musamman wanda ya tashi daga ciwo, a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. Idan ya sa hannu da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. A kwanonsa ne uwa za ta ga abin da ya ci da abin da ya bari.

Na zo da ma'aunin damtse guda ashirin, da garin kunun da na yi bayani. Tukunya tana kan wuta a bayan rumfa. Duk wadda ta zo da yaro daga wata shida zuwa shekara biyar ta matso nan gefen dama, ta naɗe masa hannun riga na hagu. Ba ni zan auna ba, ku za ku auna da hannunku ina kallo. Wanda ya faɗa ja ko rawaya, uwarsa ta tsaya mu yi magana kafin ta tafi.